Minti Huɗu a Wutsiyar Kaset

Wata biyar na yi ina bin takarda ɗaya kafin a ba ni mukullin sito. Abin da na roƙa a cikinta bai fi layi shida ba: a ba ni izinin ɗebo tsofaffin kaset-kaset da ke ajiye a gidan talabijin ɗin da na yi wa aiki shekara 35, in juye abin da ya saura a cikinsu zuwa kwamfuta, in mayar da su haɗe da kwafin aikin, ba tare da an biya ni ko sisi ba. Takardar ta je sashen mulki, ta gangara sashen injiniyoyi, ta daɗe a teburin mai binciken kuɗi, domin a rajista kaset ɗin kadarar gwamnati ne, ba a fitar da su ƙofa sai da sa hannu. Ban ji haushin hakan ba. Na ma ji daɗi da har yanzu akwai littafin da ke lissafa su a matsayin dukiya.

Ranar da aka buɗe mini, yaron da ke kula da sito ya tsaya a bakin ƙofa ya toshe hanci da hularsa. Ya ce, "Baba, me za ka yi da wannan tarkacen?" Na ce masa aikin hannuna ne a ciki, da na mutanen da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Bai ƙara cewa komai ba, ya ɗauko tsintsiya ya taya ni.

A zamaninmu ɗakin nan na'urar sanyaya ɗaki ba ta mutuwa a cikinsa dare da rana, ba a shiga da takalmi, ba a shiga da abinci. Yanzu rufin ya yi yoyo ta kusurwar gabas, gara ta cinye kwalaye da katakon kantoci, ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta kwanta a kan komai. Kwana tara muka yi muna fitarwa muna kaɗewa. Na ƙirga kaset 412. Mafi yawansu U-matic ne, irin wanda kamfanin Sony ya fito da shi a 1971, mai zaren da faɗinsa ya kai kashi uku cikin huɗu na inci. Babba yana ɗaukar har awa ɗaya, ƙarami na fita waje minti 20. Akwai Betacam kaɗan na shekarun baya-baya, da VHS da bai kamata a ce tasha ta taɓa watsa shiri da shi ba, amma an yi. Na kasa su uku: masu kyan gani, waɗanda funfuna ta yi wa fari-fari a gefen zare, da waɗanda ruwa ya zauna a cikinsu. Kashi na ukun ban ɗauka ba. Wanda ya san kaset, da ya buɗe marfin ya ji warin ya san ba sauran magana.

Na shiga aikin nan a 1984. Talabijin ya riga ni zuwa Arewa da shekara 22, domin tun 1962, zamanin Sardauna, aka buɗe ta Kaduna, shekara uku bayan ta Ibadan wadda ita ce ta farko a ƙasar. Jos ce ta fara nuna hoto mai launi a tsakiyar shekarun 1970. A 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin da ake da su duka a ƙarƙashin hukuma ɗaya ta tarayya, wadda muka sani da NTA. Sai tsarin mulkin 1979 ya ba jihohi damar kafa nasu, gwamnonin Jamhuriya ta Biyu suka shiga rige-rige, kamar yadda Abubakar Rimi ya kafa CTV a Kano. A irin wannan tasha ta jiha aka ɗauke ni, kayan aiki sababbi fil, wasu ko ledarsu ba a gama cirewa ba. Wata shida na farko ban taɓa kyamara ba. Aikina shi ne rataya na'urar ɗauka a kafaɗa in bi mai kyamara a baya, waya ta haɗa mu kamar raƙumi da akala. In ya yi gudu sai na yi gudu, in ya durƙusa sai na durƙusa, idona a kan allurar murya, kunnena a cikin abin sauraro, zuciyata tana ƙirga mintin da ya rage a kaset. Daga nan aka mayar da ni ɗakin tace hoto, a can na tsufa.

Samun kaset ɗin ya fi samun abin kunna su sauƙi. Tashar ba ta da ko ɗaya mai rai. A bayan ɗakin janareta muka tarar da gawar na'urori uku, an ɗora musu tsofaffin kujeru. Na nemi tsohon injiniyanmu, wanda ya girme ni da shekara bakwai, idonsa ya yi rauni amma hannunsa bai manta ba. Ya zo ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana shafa cikinsu, sannan ya ce, "Malam, daga ukun nan za mu fitar da ɗaya, in Allah ya so. Amma ka sani, hed ɗin da ke ciki shi ke nan, ba wani a kasuwa." Hed shi ne ɗan ƙaramin kan da ke jikin gangar ƙarfe mai juyawa, shi ke karanta hoton da ke kan zare. Yana cinyewa da aiki kamar dutsen niƙa, kuma an daɗe da daina ƙera irinsa.

Sati bakwai aikin gyaran ya ci. Duk wata roba da ke cikin na'urar ta narke ta zama kamar kwalta. Mun zaga masu gyaran rediyo a kasuwar Sabon Gari ta Kano muna gwada bel-bel na tsofaffin rakodoji har muka dace da biyu. Robar da ke danne zare tana ja, wannan sai daga kasuwar Alaba ta Legas wani ya aiko mana, tsohuwa ce ita ma amma ba ta tsage ba. Ranar da injiniya ya danna maɓalli na'urar ta haɗiye kaset, ta jawo zaren ta naɗa a ganga da wannan ƙarar da na sani tun ina saurayi, sai da na nemi wuri na zauna.

Kaset na farko bai yi minti biyu ba ya fara kuka, wani siririn ƙara kamar ƙofar da ba mai. Hoto ya dusashe ya koma yayyafi. Injiniya ya kashe da sauri, muka buɗe, muka ga baƙin datti mai danƙo ya manne a ganga da duk sandunan da zare ke bi. Abin da ke faruwa shi ne, ƙurar maganaɗisun da ke riƙe hoto an manna ta a kan zaren da wani irin gam, gam ɗin kuwa in ya daɗe yana shan laimar damina sai ya saki. Kana kunnawa kana kankare hoton da hannunka.

Ɗan ƙanwata, wanda ya karanci kwamfuta kuma shi ke kula da wancan ɓangaren, ya dawo washegari ya ce, "Kawu, na bincika, masu adana kayan tarihi gasa irin wannan kaset suke yi." Injiniya ya ce ba da shi ba. Mun yi shekaru muna hana mutane ajiye kaset a gaban mota saboda rana, yanzu a ce a gasa? Amma yaron ya nuna mana bayanin, kuma da ma'ana a ciki: zafi kaɗan mai ɗorewa, wajen digiri 50 zuwa 55, ba hawa ba sauka, yana fitar da laimar ya mayar da gam ɗin ya kama na ɗan lokaci. Ba warkewa ba ce. Kwanaki kaɗan ko makonni yake ba ka, ka juye abin da za ka juye kafin ya koma gidan jiya. Murhu ko abin gashin burodi ba su yi, zafinsu ba ya tsayawa wuri ɗaya. Abin da ya fitar da mu shi ne akwatin ƙyanƙyasar ƙwai irin wanda ake haɗawa a gida da ƙwan lantarki da ƙaramar fanka. Wani mai kiwon kaji a unguwarmu ya ara mana, injiniya ya canza masa abin daidaita zafi, muka jona shi da sola domin wutar gari ba abin dogaro ba ce, muka saka ma'aunin zafi biyu a ciki. Muka gwada da kaset ɗin da ba mu damu da shi ba. Kwana ɗaya cur a ciki, kwana ɗaya a waje yana hucewa. Ya yi wasa tun daga farko har ƙarshe bai yi kuka ba.

Daga nan aiki ya samu tsari. Kaset shida ke shiga akwati a lokaci guda. Masu funfuna ba sa shiga sai an buɗe su a tsakar gida, da takunkumi a fuska, an goge gefen zaren a hankali. Kafin kowane kaset da bayansa injiniya yana goge hed da sifirit mai tsabta da ƙyalle marar gashi, yana juya gangar da yatsa gefe zuwa gefe, domin in ka goga sama da ƙasa sai kan ya karye. Hoton yana fita daga na'urar ya bi ta wani akwati mai daidaita rawar da tsohon kaset ke yi, sannan ya shiga kwamfuta. Ba a gaggauta shi. Kaset ɗin awa ɗaya awa ɗaya zai ci, kuma kowace awa tana cin wajen gigabayit 13 a ma'ajiya. Mun sayi ma'ajiya biyu, duk abin da ya shiga ɗaya a daren ya shiga ɗayar. Ni kuma ina zaune da littafi mai bangon kwali, ina rubuta lambar kaset, abin da aka rubuta a bayansa, da abin da na gani da idona, domin sau da yawa biyun ba sa haɗuwa.

Yaron yana mamakin yadda nake sanin inda za a yanka hoto tun kafin a yanka. Na ce masa ni na yanka. Kuma ko ba ni ba ne, duk wanda ya koyi tacewa a wancan zamani numfashinmu ɗaya.

Bari in faɗi yadda ake yi, domin wanda ya tashi da waya a hannu ba zai gane ba. Na'ura biyu ce a gabanka, ɗaya mai kunnawa ɗaya mai ɗauka, da allo biyu, da ƙaramin akwati mai maɓallai da abin murzawa biyu a tsakiya. Tun da dare ka shimfiɗa baƙi a kan kaset ɗin da za ka gina shirin a kansa, wato ka ɗauki baƙin hoto tun daga farko har ƙarshe domin na'ura ta samu layin da za ta bi. Da safe ka fara da zanen launuka da ƙarar gwaji na minti ɗaya, sannan agogon ƙirge. Sai ka nemo hoton farko a kaset ɗin da aka ɗauko daga waje, kana murzawa gaba da baya, hoto 25 ne a kowane sakan, ka tsaya a kan wanda kake so daidai. Ka sa masa mashiga da mafita. Ka danna. Na'urorin biyu su ja da baya sakan biyar, su taho tare, a daidai wurin sai hoton ya faɗa. Haka za ka yi ta jerawa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ginin tubali.

Kuma kamar gini, in ka kai minti na 20 furodusa ya ce hoton da ke minti na uku ya yi tsawo, ba ka da hanyar zare shi sauran su matso. Ko dai ka rufe shi da wani hoton mai tsawonsa daidai, ko ka rushe duk abin da ke bayansa ka sake, ko ka juye aikin zuwa wani kaset, wanda duk juyi ɗaya hoto yana rasa kaifi launi yana zuba. Saboda haka ba mai shiga ɗakin tacewa bai san abin da yake so ba. Furodusa zai kwana da kaset ɗinsa yana kallo yana rubuta lambobi a takarda, ya zo da shirin a kansa tun daga sallama har bankwana. Shirin rabin awa yakan ci mana yini biyu. Na ga yadda ake yi yanzu a kwamfuta, ja nan ajiye can, kuma ba na ƙin sa, da mun same shi da mun gode Allah. Abin da na lura kawai shi ne wahalar nan ita ta tilasta mana yin tunani kafin mu taɓa maɓalli, kuma da wahalar ta tafi ba a kawo wani abu da zai tilasta tunanin ba.

A wancan zamani tasha tana buɗewa da yamma, bayan la'asar, ta rufe wajen sha biyun dare da taken ƙasa. Tun kafin a buɗe yara sun zauna gaban zanen launuka suna jira. Gidan da ke da akwatin talabijin a unguwa, tsakar gidansa cika take yi, a ƙauyuka kuma akwai gidajen kallo da gwamnati ta gina, mai gadi ya tayar da ƙaramin janareta da magariba. Ƙarfe tara a haɗa da Legas a ɗauko labaran ƙasa. Ranar wasan kwaikwayo titi yakan yi shiru. In ka yi kuskure a shiri, da safe a wurin mai shayi za ka ji shi.

A sati na biyar da fara juyewa na fahimci abin da nake gudun fahimta. Na buɗe littafina na duba kaset 60 da muka gama. A bayan kwalayensu, da rubutun hannun mutanen da na sani, an rubuta sunayen shirye-shiryen noma, wasan kwaikwayo, kacici-kacicin makarantun sakandare, kiɗan gargajiya, hira da dattawa. An soke rubutun da biro, an rubuta wani a ƙasa, wani ma sau uku. Abin da ke cikin zaren kuwa rangadin gwamna ne, ƙaddamar da rijiyar burtsatse, taron matar gwamna, ɗaurin auren 'yar wani babba, saukar jirgin alhazai. Kusan duka na shekarun 1990.

Ban buƙaci kowa ya yi mini bayani ba. A ƙarƙashin kowane kaset ɗin U-matic akwai wani ɗan jan maɓalli na roba, bai fi ƙwayar gyaɗa faɗi ba. In ka cire shi, na'ura ba za ta yarda ta ɗauki wani abu a kan kaset ɗin ba. Da muka fara aiki ƙa'ida ce, duk shirin da aka gama aka watsa, a cire maɓallinsa a kai shi sito. Ina da gwangwanin madara a aljihun teburina cike da su.

A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin gyaran tattalin arziki da ake kira SAP. Naira da take kafaɗa da kafaɗa da dala, cikin 'yan watanni ta koma wajen huɗu a dala ɗaya, kuma ba ta tsaya nan ba. Duk abin da muke aiki da shi daga waje yake zuwa: kaset, ƙwan fitilar sutudiyo, batir, kayan gyara. Kwalin kaset da ake kawo mana duk wata ya koma duk wata uku, ya koma sai an gani. Kafin ƙarshen shekarun 1980 maganar da ake yi wa kafafen gwamnati ita ce su nemo wa kansu kuɗi. Rana ɗaya za a ce gwamna zai fita ƙarfe goma, ba kaset a ɗakin labarai. Sai a aiko masinja wurina. In buɗe aljihun tebur in ɗauki jan maɓalli ɗaya, in je sito in zaro wanda nake ganin ya fi tsufa, in mayar masa da maɓallin in miƙa. Ba wanda ya sa mini bindiga. Na farko na yi gardama, na biyu na yi gunaguni, daga baya ko kallon abin da ke rubuce a bayan kwalin ba na yi, domin in na karanta hannuna ba zai iya ba. Kafin 1995 gwangwanin ya zama fanko. Wannan abu yana cikin abubuwan da nake neman gafarar Allah a kansu, domin amana ce ta mutanen da suka ba mu fuskokinsu da muryoyinsu.

Kaset mai lamba 73 rangadi ne na 1993. Jerin motoci, 'yan makaranta a rana, jawabi. A minti na 41 hoton rangadin ya ƙare. Al'adarmu a makonnin baya ita ce da zarar hoto ya ƙare aka ga yayyafi sai mu tsayar, domin mu tanadi hed. Ranar nan an kira la'asar, muka tashi muka bar na'urar tana tafiya. Da muka dawo, tun daga zaure na ji sautin taɓare.

Mata shida ne a gindin tsamiya, turmi biyu, suna lugude. Taɓarya tana tashi sama, mai ita ta tafa kafin ta cafe, ta gaba ta sauke tata a daidai gurbin, wata dattijuwa mai baƙin zane tana ba da waƙa sauran suna amshi. Na san wurin nan take. Shirin al'adun karkara ne da muke yi duk mako, wannan mun ɗauke shi da kaka a 1987. Na tuna mun isa da hantsi a motar tasha, mai gari ya ce maza ba za su shiga gida ba, sai tsofaffin matan suka yarda aka fito da turamen waje. Na tuna mai ɗaukar murya ya sa wa makirfo safa saboda iska, ya kwanta a ƙasa don kada ya fito a hoto. Na tuna dalilin da ya sa na bar wannan hoton ya yi tsawo ban yanka ba: furodusa ya ce a yanka zuwa fuskar mai gari, na roƙe shi ya bari dattijuwar ta kai ƙarshen baitinta. Sabon ɗauka ya cinye shirin tun daga kai, amma da yake rangadin bai kai ƙarshen zare ba, wutsiyar tsohon ta tsira. Minti huɗu da 'yan sakanni, sannan sunayen ma'aikata suka hau, nawa na biyar.

Injiniya ya cire tabarau ya goge ido. Yaron ya ce, "Kawu, a ina ne nan?" Na faɗa masa sunan garin. Ya ce ya taɓa wucewa ta can, injin niƙa ne a bakin hanya.

A daren muka canza tsari. Duk kaset sai an bar shi ya kai ƙarshen zare, ko da rabin awa za a yi ana kallon yayyafi. Kuma sai mun koma kan guda 72 da muka riga muka wuce, wasu sai an sake gasa su. Injiniya ya ja hankalina cewa kowace awa daga ran hed take fita, in muka yi haka ba lallai ya kai mu ƙarshen tarin ba. Muka yi shawara muka tsaya a kan cewa na'ura za ta riƙa tsallake abin da ke gaba da sauri ba tare da zaren yana kan ganga ba, in kaset ɗin rangadi ne da muke da irinsa da yawa, a fara daga wutsiya. Ban ce rangadin ba tarihi ba ne. Tarihi ne, kuma mun juye da yawa. Amma gwamna yana da masu ajiye hotonsa, matan gindin tsamiya ba su da kowa sai mu.

Wutsiyoyin da muka tsinta ba su da tsari. Minti biyu na 'yan tashe da fitilar ƙwai. Ƙarshen wata hira da wani maƙeri yana bayanin yadda ake narka tama, an cinye tambayar an bar amsar. Fage ɗaya na wasan kwaikwayo, alƙali yana yanke hukuncin da ba mu san ƙararsa ba. Wata malamar asibiti tana koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari. Sakan 50 na kokawa. Wani kaset ɗin yana da hawa uku, 1996 a kan 1991 a kan 1985, kowanne ya leƙo a bayan ɗan'uwansa.

Ana yawan cewa tauraron ɗan'adam da wayar hannu ne suka kashe gidajen talabijin irin namu. Ni da na zauna a ciki ban yarda da jerin ba. Gaskiya ne a 1992 an kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin aka buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, tashar AIT mai zaman kanta ta fara a 1996, finafinan Hausa na bidiyo suka taso daga Kano tun farkon shekarun 1990 suka janye 'yan wasa da masu kyamara, faranti ya hau rufin gidaje. Amma kafin duk wannan ya yi ƙarfi mun riga mun daina fita ƙauye, domin ba mai a mota. Mun riga mun fara karɓar kuɗi kafin mu sa labari, har ya zama taron da ba a biya ba bai faru ba. Mun sayar da lokutan da yara ke kallo ga masu tallan magani. Mai kallo ya daɗe yana haƙuri da mu kafin ya samu wurin zuwa. Da Arewa24 ta zo a 2014 da shirye-shiryen Hausa zalla, mutane suka koma gaban akwati a kan lokaci suna jiran wasan kwaikwayo kamar da, wanda ya nuna ƙishin yana nan, rijiyarmu ce ta ƙafe. An yi ta maganar komawa tsarin dijital, wa'adin duniya na Yunin 2015 ya wuce, aka yi bikin farawa a Jos a Afrilun 2016. Sauya hanyar da hoto ke bi ya isa gida abu ne mai kyau. Sai dai ba ya samar da abin da za a nuna.

Na leƙa ɗakin watsa shirye-shirye ranar da na mayar da kashin farko. Yara biyu ne a ciki da kwamfuta ɗaya, masu ladabi da son aiki, ɗaya ma ya roƙe ni in koya masa yadda ake sanin wurin yanka. Ya ce kyamara ɗaya ce mai lafiya a tashar, kuma tana bin ayarin gwamnati. Na yi masa alkawarin ranar Asabar.

Zuwa yau mun gama kaset 260. Wutsiyoyin da muka haɗa sun kai awa uku da minti 12, cikakkun tsofaffin shirye-shirye da suka tsira ba a taɓa su ba guda 19 ne, yawanci waɗanda suka faɗa bayan kanta ba a gan su ba. Hoto ya fara nuna ɗigo-ɗigon fari ko a kaset mai kyau, injiniya ya ce alamar hed ce, sai mu riƙa zaɓe. Ma'ajiya ɗaya tana tashar, ɗaya tana gidana a cikin akwatin ƙarfe.

Yaron yana so a sa lugudan a YouTube, ya ce jikokin matan nan suna da waya. Na ce masa ba namu ba ne, na tashar ne, sai da izini. Ya buga mini takardar jiya da dare, layi biyar. Na kai ta da safe, sakatare ya buga mata hatimi ya rubuta kwanan wata, na karɓi kwafina na dawo gida, domin akwai kaset shida a akwati da za su fito da azahar.